Kafin ka ce amapiano ya lalace: yadda ake sauraronsa da yadda ake musu a kansa

Akwai wani benci a ƙofar shagon da muke ajiye sifiku a nan Kaduna, kuma babu maganar da ta cinye mana dare a kansa kamar maganar amapiano, kiɗan rawan nan na Afirka ta Kudu. Ko ƙwallo ba ta kai ta ba. Wannan ya ce kiɗan ya lalace tun ranar da 'yan Legas suka sa masa hannu. Wancan ya ce ai ba don 'yan Legas ba, da har yau yana can unguwannin Afirka ta Kudu babu wanda ya san da shi. Na uku ya ce duk ku bar wannan, kiɗan ya mutu tun 2021, abin da ya rage hayaniyar TikTok ce kawai. A kai sha biyun dare ana kai ruwa rana, mai shayi ya kashe wuta ya tafi, mu muna nan. Kuma da za ka bi diddigi, sai ka tarar kowa da abin da yake nufi idan ya ambaci sunan.

Shekarata tara ina aikin DJ: kamu, dina, suna, taron 'yan makaranta, wani sa'in wuraren shaƙatawa na Barnawa a daren Asabar. A ƙarshen 2019 amapiano ya shigo min kwamfuta, kuma har yau ina sauraronsa ko da ba aiki nake ba. Ina son kiɗan nan, shi ya sa raina yake ɓaci idan na ji ana musu a kansa da ka. Musun kansa ba laifi ba ne, kiɗan da ya mutu ai ba a musu a kansa. So nake idan za ka tsoma baki, ka tsoma da abin da kunnenka ya ji, ba abin da ka tsinta a bakin wani ba. Ga hanyar da nake bi, ita nake koya wa yaran da ke ɗaukar min kaya.

Abin da kake ji da shi

Idan da sifikar waya kake sauraro, to ka yi haƙuri, ba ka ji amapiano ba tukuna. Rabin kiɗan yana can ƙasa ne, a sauti mai zurfi wanda ƙirji yake riga kunne ji, kuma 'yar sifikar waya ba ta da cikin da za ta fitar da shi. Abin da zai iso maka shi ne ƙarar caki da wani ƙwas-ƙwas marar nauyi, sai ka yanke hukunci cewa duk waƙoƙin iri ɗaya ne. Nemi sifika mai wufa, wato mai fitar da sauti mai zurfi, ko motar wani mai sauti mai kyau, ko iyafis na kirki wanda yake toshe kunne. Kada kuma ka murɗa bes har ƙarshe. Yarana suna yawan yin haka, a zatonsu daɗi ke nan, alhali sai ƙasan ya cakuɗe ya zama gurnani, ka kasa bambance bugu ɗaya da na kusa da shi. Ajiye shi a tsakiya.

Duba fayil ɗin ma. Waƙar minti 7 da aka adana da ingancin 320 kbps (ma'aunin ingancin fayil ɗin sauti) takan kai megabait 16 zuwa 17, ta 128 kuma wajen 7. Idan an turo maka ta minti 7 ka ga megabait 3, an matse ta har ruwanta ya fita. Da irin wannan fayil ba a yi wa mai kiɗa hukunci.

Ba shi lokacinsa

Abu na biyu ya fi wahala, don yana bukatar ka ajiye yatsa. Amapiano na asali dogo ne, minti 6, 7, 8, wani ma ya wuce. Kunna shi daga farko, kada ka ja gaba. Caki ne zai fara, shi kaɗai ko da ɗan bugu marar nauyi. Can sai fiyano ya shigo a hankali, sai wata murya daga nesa, sai a janye wani abu a dawo da wani. Kana iya cin minti 2 ko 3 kafin babban bugun ya sauka. Wannan jiran ba ɓata lokaci ba ne, shi ne ginin. Kamar tuwo ne, ba a tuƙi sai ruwa ya tafasa an yi talge. Akwai kuma dalili na sana'a: farko da ƙarshen waƙar an bar su fili ne don DJ ya samu inda zai ɗora wata a kan wata ba tare da masu rawa sun ji an sauya ba.

Yayin da kake jira, ƙirga. Kalli agogo, ka ƙirga bugun da ƙafarka take bi cikin daƙiƙa 15, ka ninka sau 4. Yawanci za ka samu 28, wato 112 a minti ɗaya, ko kusa da haka, tsakanin 110 da 115. Kiɗan house da amapiano ya fito daga cikinsa yakan kai 120 zuwa sama. Wannan ɗan jinkirin shi ne ya ba jiki damar yin irin rawar nan ta kafaɗa da ƙugu wadda ba gaggawa a cikinta. Ka koyi ƙirgar nan, don za ta raba maka gardama da yawa. Sau tari abin da ake zagi a benci da sunan amapiano, idan ka ƙirga sai ka ga wani kiɗa ne daban.

Sai babban bugun, log dram. A nan nake so ka daɗe.

Ba ganga ba ce da wani ya sassaƙa. Sauti ne daga cikin manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, a wani ɗan sashe nata mai suna Fruity DX10, kuma mai haɗa kiɗan da aka fi danganta shigo da shi cikin amapiano shi ne MDU aka TRP. Abin da ya sa ya fita daban shi ne bugu ne kuma murya ce a lokaci guda: yana dukan ƙirji kamar ganga, yana hawa yana sauka kamar mai magana. Mu Hausawa bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba. Maigidana da ya koya min sana'a jikan makaɗa ne, kakansa kalangu yake yi wa mahauta. Ranar da na fara kunna masa a shago ya yi shiru har waƙar ta kai tsakiya, sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Maimaita min wurin nan." Na maimaita. Ya ce, "Yaro, wannan ai kalangu ne da ya ƙoshi." Ya sa gwiwar hannu a haƙarƙarinsa yana matsawa yana saki, yadda makaɗi yake matse igiyoyin kalangu a hammata don murya ta hau, ya saki ta sauka. Tun daga ranar da wannan kunnen nake sauraro.

Ga gwajin da na samo daga wurinsa. Bayan log dram ya zagaya sau biyu, dakatar da waƙar ka maimaita shi da bakinka. Idan yana da zance, bakinka zai kama: tambaya, ɗan shiru, amsa. Idan mai haɗawa ya watsa bugu ne kawai don ya cika wuri, za ka buɗe baki ka rasa abin faɗa. Ka lura da shirun musamman. Gwani yana barin rami tsakanin bugu da bugu, a cikin ramin nan ne ƙafar mai rawa take sauka. Ɗan koyo tsoron shiru yake yi, sai ya cike ko'ina. Da wannan gwajin kaɗai za ka iya zama a kowace majalisa ka ce wannan ta yi, wannan ba ta yi ba, ka kuma faɗi dalili.

San wane reshe ake magana a kai

Kiɗan ya taso ne a lardin Gauteng, a unguwannin baƙar fata da ke kewaye da Johannesburg da Pretoria, wajen tsakiyar shekarun 2010. Sunan daga harshen Zulu yake, ma'anarsa fiyano da yawa, masoyansa kuma sukan taƙaita su ce yanos. Ya sha nono daga deep house, da jaz, da kwaito, kiɗan da matasan ƙasar suka yi tashe da shi a shekarun 1990. Ba rediyo ce ta yaɗa shi da farko ba, WhatsApp ne da motocin haya da wuraren shagali na cikin unguwa. Su kansu 'yan ƙasar ba su gama musun garin da ya haife shi ba: na Pretoria na cewa nasu ne, na gabashin Johannesburg na nuna masu haɗa kiɗa MFR Souls na Katlehong, na unguwar Alexandra na nuna nasu, JazziDisciples. Wannan musun cikin gida ne, ka bar musu kayansu.

Wanda ya shafe ka shi ne rabuwar da ke cikin kiɗan. Akwai ɓangare mai laushi da suke kira Private School, wato makarantar kuɗi: fiyano mai sanyi, jita, wani sa'in kakakin saksofon, murya mai taushi, log dram kuma yana can baya yana tafiya a natse. Kelvin Momo ne aka fi sani da shi. Akwai ɓangare mai ƙura, na titi, inda bugu ne sarki kuma waƙa kaɗan ce, irin sgija, da irin nauyin hannun da Vigro Deep na Pretoria ya yi suna da shi. Akwai bacardi, wanda ma ya girmi amapiano, kiɗan Pretoria ne na shekarun 2000 da ake danganta shi da su DJ Spoko da DJ Mujava, ya dawo ya shiga jinin sabbin waƙoƙi da bugunsa mai kama da faretin soja. Daga baya kuma ga 3-step, wanda ake danganta shi da Thakzin. Shi wannan saurinsa ya fi kusa da Afro house, kuma a ƙirga huɗu bugu uku yake yi ya bar gurbi ɗaya. Wasu na cewa shi ne magajin amapiano, wasu na cewa maƙwabci ne kawai.

Masu son na laushi suna cewa na titi hayaniya ce ta yaran da ba su san fiyano ba. Masu son na titi suna cewa na laushi kiɗan masu kuɗi ne da ke zaune suna kaɗa kai, an cire masa ƙurar unguwar da ta haife shi. Kafin ka ɗauki ɓangare, ka san cewa wannan rabuwar ba sabuwa ba ce, kuma ba alamar lalacewa ba ce. Kabza De Small, wanda ake yi wa laƙabi da sarkin kiɗan, kundinsa na 2020 ma kashi biyu ya raba shi, Sweet da Dust, zaƙi da ƙura. Tun ana ganiyar abin, hannu ɗaya ne yake yin duka biyun. Saboda haka idan mutum ya ce maka amapiano ya lalace, tambayar farko ita ce: wanne? Sau da yawa a nan maganar take sauka daga sama ta dawo ƙasa.

Maganar Najeriya

Wannan ce take tayar da jijiyar wuya, don ta haɗa da kishin ƙasa. Raba ta gida biyu, kada ka yarda a cakuɗa maka.

Gida na farko, na wa ne? Babu musu a nan. Na Afirka ta Kudu ne, kuma duk ɗan Najeriyar da ya ce ba haka ba yana ba mu kunya ne. A watan Yulin 2023 mawaƙin Amurka Swae Lee ya yi rubutu a kan amapiano ya liƙa tutar Najeriya, 'yan Afirka ta Kudu suka yi masa ca, sai da ya fito ya yi bayani. Na ga wasu namu suna dariya suna cewa zafin kai ne. Ni ban ga zafin kai ba. Ka ɗauka wani ya je Turai da kiɗan ƙwarya ya ce na wata ƙasa ne, ka ga ko za ka yi shiru. Kuma ba sata aka fara da ita ba, haɗin gwiwa ne: Kabza ya yi waƙa da Wizkid da Burna Boy a 2020, mawaƙinsu Focalistic ya gayyato Davido a 2021. Su suka buɗe ƙofa, ladabi kuma shi ne baƙo ya ambaci mai gida.

Gida na biyu, wanda ake yi a Legas yana da kyau ko ba shi da shi? Nan ne ake bukatar kunne. Abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina haɗa su a faifai ɗaya shi ne ba abu ɗaya suke nema ba. A Afirka ta Kudu mai haɗa kiɗa shi ne mai waƙa, sunansa ne a gaba, mawaƙi baƙo ne da zai shigo ya fita. A Legas mawaƙi ne mai gida, kiɗa shimfiɗa ce da aka yi masa. Shi ya sa tasu take minti 7, tamu take minti 2 da rabi ko 3, murya ta fara tun daga daƙiƙar farko ba ta kuma tsayawa. Abin da Asake ya yi da mai haɗa masa kiɗa Magicsticks a 2022 shi ne ya ɗauki log dram ya aza masa amshin taron murya da salon fuji na Yarbawa. Idan ka auna wannan da mudun Kelvin Momo za ka ce ba shi da haƙuri. Idan ka auna Kelvin Momo da mudun Asake za ka ce ba shi da waƙa. Duka biyun zalunci ne. Auna kowa da abin da ya ce zai yi.

A bikin Grammy na 2024, karon farko da aka ware kyauta ga waƙar Afirka, Tyla 'yar Johannesburg ce ta ɗauka, cikin waɗanda ta kayar kuma har da Asake da Olamide da waƙarsu da suka raɗa wa sunan kiɗan kansa. A bencinmu kowane ɓangare ya ɗauki wannan a matsayin hujjarsa. Ni abin da na gani shi ne ko wadda ta ci ɗin gajeriyar waƙar mawaƙiya ce, ba irin dogon kiɗan unguwa ba. Kada ka kawo kyauta a matsayin shaidar inganci, ba abin da ake aunawa ke nan a can ba.

Mizanin da nake amfani da shi ga duk wanda ya ari kiɗan shi ne: me ya kawo daga gidansu? Mawaƙin Najeriya Kcee ya shigo da oja, sarewar Ibo, a 2023, kana ji ka san daga inda ta fito. Wannan aro ne mai riba. A situdiyoyinmu na Arewa kuwa, abin da ya fi yawa shi ne a gama waƙar nanaye tsaf, sannan a ɗauko log dram da aka sauke daga intanet a liƙa a ƙasa kamar faci. Yana ba ni takaici, don mu ne muke da kalangu da kotso da shantu da duman girke, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin yadda ake sa bugu ya yi magana.

Tambayi inda ya ji shi

Wannan da jikina na koye shi. A 2021 aka ɗauke ni dina a wani ɗakin taro. Ina cikin zafin son Private School a lokacin, na shirya waƙoƙi na ce yau zan nuna wa mutane abu mai kyau. Ƙawayen amarya suka fito fili, na sakar musu wata mai minti 8. Caki ya fara. Suka tsaya suna jira da kuɗin liƙi a hannu. Minti ɗaya ya wuce, fiyano ya shigo a hankali, suna kallon juna. Kafin log dram ya sauka rabinsu sun koma kujera. Sai ga yayar uwar amarya ta tako har inda nake, ta dafa teburina ta ce, "Ɗana, lafiya kuwa? Yaran nan rawa suka fito yi." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, yanzu zai shigo." Ta ce, "To ai su sun fita." Na sauya nan take, amma filin bai sake cika kamar farko ba, kuma abin ya daɗe yana cina, don daren yarinyar ne na rage wa armashi.

Waƙar ba ta da laifi, kuma matan nan ba su da laifi. An yi ta ne don wurin da mutane za su kwana suna rawa, DJ yana jan zare ɗaya awa biyu ba yankewa. Dinarmu kuwa MC ne yake kiran rukuni-rukuni, dangin ango, ƙawayen amarya, abokan aiki, kowa minti uku ya yi liƙi ya ba wani wuri. A irin wannan fili gajeriyar ta Legas ita ce daidai, ko kuma ka sa alama a daidai inda bugun yake sauka ka fara daga nan. Wannan waƙar dai da ta kore min fili, na sa ta bayan sati biyu da ƙarfe ɗayan dare a wani wuri a Barnawa, wani ya zo ya riƙe min hannu yana tambayar sunanta. Don haka idan wani ya ce maka kiɗa kaza ba ya tashi, tambaye shi a ina ya ji, da ƙarfe nawa, da wace sifika.

Inda nake ganin masu kuka suna da gaskiya

Ba duk kukan ne banza ba. Akwai abin da yake raguwa, kuma ba 'yan Najeriya ne suka rage shi ba. Haƙurin ginin ne. Kiɗan ya yi babban tashinsa ne a zaman kullen korona na 2020, lokacin da aka rufe wuraren rawa kowa ya koma waya, daga nan kuma gasar rawa ta TikTok ta ɗauke shi ta kai shi inda bai taɓa zato ba. Ɗan gajeren bidiyo ɗaya a 2021 ya fito da wata DJ mai suna Uncle Waffles, a 2023 tana kan dandalin babban bikin kiɗa na Coachella a Amurka. Alheri ne babba, ba na raina shi. Amma wanda ya ba ka abinci shi yake gaya maka yadda za ka zauna. Idan daƙiƙa 20 ne za su sayar da waƙa, mai haɗawa zai zuba duk ƙarfinsa a daƙiƙa 20 ɗin, sauran ya zama ciko. Ina da waƙoƙi da yawa a kwamfuta waɗanda wuri ɗaya ne kawai mai rai a cikinsu, kana wuce shi sai maimaici. Ga kuma tarin sauti iri ɗaya da kowa yake saukewa, har ka ji waƙa goma da caki ɗaya.

Sai dai kada ka tsaya nan ka ce shi ke nan alƙiblar. A watan Yunin 2024 Kabza ya hau dandali a Johannesburg da cikakkiyar ƙungiyar makaɗan goge da kakaki irin ta Turai, ƙarƙashin jagorancin Ofentse Pitse. Kelvin Momo bai daina fitar da kundaye masu cin awanni ba. Dogon yana nan, sai dai ba zai zo ya same ka a waya ba, kai za ka je nemansa.

Gwajin da nake yi wa masu cewa ya mutu

Na lura duk mai cewa kiɗan ya mutu, shekarar da yake ambata ita ce wadda ta biyo bayan shekarar da ya fara sonsa. Wanda ya shigo a 2019 yana cewa 2021. Wanda ya shigo a 2021 yana cewa 2023. Dalili kuwa a fili yake: na da, marasa kyau sun nutse an manta da su, masu kyau kaɗai suka rage a memori. Na yanzu kuwa, tsaba da tsakuwa duk a faifai ɗaya suke zuwa maka.

Ga yadda za ka gwada, ko a kan wani ko a kan kanka. Zaɓi waƙoƙi 10, biyar daga 2019 zuwa 2021, biyar daga shekara biyun nan. Kada ka ɗauki waɗanda kowa ya sani, kuma ka yi adalci, kada ka tsinto zinariya a wancan ɓangare ka kwaso shara a wannan. Su kasance daga reshe ɗaya, Private School da Private School, sgija da sgija. Goge sunayen, ka sa musu lamba 1 zuwa 10 a cakuɗe, ka daidaita ƙarfin sautinsu, don kunne yakan ɗauki wadda ta fi ƙara a matsayin wadda ta fi kyau. Kowa ya riƙe takarda, ya rubuta abu biyu: tsohuwa ce ko sabuwa, kuma ta yi ko ba ta yi ba. Babu magana sai an gama.

Na yi wa wani ƙanena a sana'a wannan, wanda ya fi kowa rantsuwa cewa bayan 2021 babu komai. Cikin huɗun da ya fi yabo, uku sababbi ne. Da na buɗe masa sunayen ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Yaya, sake sa min lamba 6." Bai janye maganarsa duka ba, kuma ban so ya janye ba, don biyu daga cikin sababbin da ya kushe ni ma na yarda ciko ne. Amma daga ranar ya daina cewa ya mutu, ya koma cewa an rage gini. Wannan magana ce da za a iya zama a tattauna.

A majalisa kuma, ka riƙe ƙa'ida ɗaya: duk wanda ya yaba ko ya kushe, ya kawo waƙa ya kuma faɗi minti. "A minti na 3 da daƙiƙa 40 ya janye fiyano ya bar log dram shi kaɗai, ji yadda ya amsa kansa." Yawan masu kallo a YouTube ba hujja ba ne, ƙasar mai waƙa ba hujja ba ce, shekarun mai magana ma haka. Idan yaro ɗan shekara 17 ya ce bacardi ya fi masa, kada ka ce masa bai san kiɗa ba, ce masa ya tashi ya nuna maka inda ƙafarsa take sauka. Ni ta haka na fahimci bacardi, bayan na shekara ina kushe shi. Wani yaron da ke naɗe min waya ne ya ajiye abin da ke hannunsa ya taka min a gaban shago, sai na ga ashe bugun da nake ji kamar ya yi yawa, kowanne da gaɓar da yake motsawa.

Idan za ka yi gwajin, ka yi shi da yamma kafin majalisa ta cika, mutum huɗu ko biyar sun isa. Waƙa 10 masu minti 7 sun haura awa ɗaya, saboda haka ka tabbatar akwai mai a janareto, kuma ka karɓe wayoyin kowa ka ajiye a aljihun tebur, don akwai manhajar da take gane waƙa cikin daƙiƙa kaɗan, kuma a kowane benci akwai wanda zai gwada.